Gonar Goggo Ta Zama Unguwa: Kwana Biyar A Isa Ta Gobir

  A wannan wata tafiyar ta kai mu gabashin Jihar Sakkwato, ƙasar Gobir, inda na kwana biyar a garin Isa wajen goggona, ƙanwar mahaifinmu, wadda aure ya kai ta can sama da shekara arba'in da suka wuce. Allah Ya yi wa maigidanta rasuwa, ta gama takaba, sai ta aiko a ce in zo, domin za a raba gado, kuma akwai gona a bakin gari da dillalai suka hana ta sakat a kanta. Na tafi da niyyar ta'aziyya da duba takardu, amma na dawo da wata magana da nake ganin ta shafi kowace mace mai gida ko gona a garuruwanmu, wato maganar tsarin gari.

Hanya

Daga Sakkwato muka tashi da sassafe, muka bi ta Acida da Goronyo, muka ɓulla Sabon Birni, sannan muka karkata kudu zuwa Isa. Akwai hanyar da ta fi wannan kusa, wadda ta ratsa dajin Gundumi, amma ta yi shekaru matafiya na ƙaurace mata saboda 'yan bindiga. Ko wadda muka bi ɗin ba wanda ya saki jiki. Da muka wuce Goronyo hira ta ɗauke a cikin mota, kowa ya koma jan carbi. A kan wannan hanya ne aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a watan Yulin 2024, kuma ya rasu a hannun waɗanda suka kama shi cikin watan Agusta na shekarar. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya jiƙan dukkan musulmin da wannan fitina ta ci.

Duk da fargaba, ido bai fasa kallo ba. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ga tudu na gero da dawa da wake, ga fadama ta shinkafa da albasa. Gulaben Gagare da Bunsuru suna gangarowa daga ƙasar Zamfara su ratsa yankin Isa, su haɗu da Gulbin Maraɗi da ke shigowa daga Nijar, su zama Gulbin Rima. A kan Rima ɗin ne aka gina madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984. Wannan ruwa shi ne arzikin ƙasar, kuma shi ne abin tsoronta idan damina ta yi ƙarfi. Mutanen Sakkwato ba su manta da ambaliyar watan Satumban 2010 ba, wadda ta cinye ƙauyuka da gonaki a kwarin Rima, har ta yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Ƙasar birane da kufai

Duk wanda ya san tarihin wannan yanki ya san ba baƙon kafa gari ba ne. A kusa da Isa kufan Birnin Zamfara yake, wanda Sarkin Gobir Babari ya ci da yaƙi a tsakiyar ƙarni na 18. A nan ƙasar Gobirawa suka gina Alƙalawa, birnin Bawa Jan Gwarzo, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya riƙa zuwa yi wa sarakuna nasiha, har zuwa 1808 da birnin ya faɗi a hannun mayaƙan jihadi a zamanin Sarkin Gobir Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 wasu Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma wani reshe nasu ya dawo ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa tana cikin garuruwan ribaɗi da daular Sakkwato ta tsare iyakarta da su, kuma mai mulkinta ana kiransa Sarkin Gobir na Isa. A fadar Isa ne Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir Ahmadu waƙoƙin da har yau gidajen rediyo ba su daina sawa ba. Da Turawan Ingila da Faransa suka shata iyaka a farkon ƙarni na 20, sai Tsibiri ta faɗa Nijar, Sabon Birni da Isa suka faɗo Nijeriya, amma auratayya da cin kasuwa ba su yanke ba.

Abin da ya sa na kawo wannan tarihi shi ne, magabatan nan ba da ka suke kafa gari ba. Za a ja ganuwa a bar fili a cikinta, domin in an yi wa gari ƙawanya a samu wurin noma da ɗaure dabbobi. Za a ware masallaci da fada da kasuwa, a ware maƙabarta da filin idi, a bar burtali don shanu su wuce zuwa mashaya ba tare da sun shiga gonar kowa ba. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanin Shehu, ya wallafa littafi sukutum a kan hukuncin mallakar ƙasa da raya wadda ba ta da mai ita. Shari'a ta san hurumin rijiya da hurumin gari, kuma ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yanke hukunci a bar wa hanya faɗin kamu bakwai idan mutane suka yi saɓani a kanta. Ashe ke nan tsara gari ba Bature ne ya koya mana shi ba.

Abin da na tarar

Rabona da Isa shekara goma sha ɗaya. A wancan zuwa, idan muka fita daga gidan Goggo za mu gona, sai mun bar gidajen ƙarshe a baya, mun yi tafiya mai ɗan nisa cikin karan dawa. Wannan karon gidaje ne suka raka mu har bakin gonar. Wasu na bulo ne ba rufi, wasu na laka, wasu kuwa zana ce kawai da leda da tsofaffin buhuna. Yara birjik, ga mata a layin rijiyar burtsatse da jarkoki tun kafin rana ta ɗaga.

Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Isa mutum kusan 150,000, Sabon Birni kuma sama da 200,000. A wancan lokaci yawancinsu a ƙauyuka suke, irin su Bafarawa, garin tsohon Gwamna Attahiru Bafarawa, da Turba da Gebe da Bargaja da Tidibale, ko Gatawa da Lajinge da Tsamaye da Unguwar Lalle a ɓangaren Sabon Birni. Daga wajajen 2019 hare-hare suka tsananta. A watan Mayun 2020 an kashe mutane da dama a rana ɗaya a ƙauyukan Sabon Birni, a 2021 aka katse layukan waya a yankin na wani lokaci, a watan Disamban shekarar kuma aka ƙona matafiya a cikin mota a ƙasar Sabon Birni. Wanda ya tsira da ransa sai ya nufi inda ya ga akwai jami'an tsaro, ko ya tsallaka Nijar. Haka hedikwatocin ƙananan hukumomi suka cika da baƙi, garin da aka auna wa mutanensa ya wayi gari yana ɗauke da na ƙauyuka da yawa.

A gefen gonar Goggo na tarar da wata baiwar Allah da 'ya'yanta biyar a bukka biyu. Goggo ce ta ba ta aron wurin. Muka gaisa, na yi mata jaje, na tambaye ta ko tana sa ran komawa gida. Ta ce, "Hajiya, wanga yaro da kika gani a baya nan aka haife shi, ga shi yana tafiya. Ƙauyenmu ko rijiya ta rufta. In an samu lafiya maza za su koma noma, amma ni da ɗiyana makaranta muka gani a nan." Wannan magana ta tsaya mini a rai. Muna kiransu 'yan gudun hijira kamar gobe za su tashi, alhali da yawansu sun riga sun zama 'yan gari.

Mene ne tsarin gari?

'Yar'uwa, abin da masana ke kira babban tsarin gari kundi ne da taswira, da ke nuna yadda ake son gari ya kasance nan da shekara ashirin ko fiye. Ana ƙidaya mutane, a yi hasashen yawansu a gaba, sannan a zauna a ce nan gidaje, nan kasuwa da tasha, nan makaranta da asibiti, nan maƙabarta, nan hanyar ruwa ce ba a gini, nan fadama ce a bar wa noma. An yi wa Kano irin wannan na 1963 zuwa 1983. Kamfanin Max Lock ya yi wa Kaduna nata a 1967, aka sake duba shi a 2010. Abuja an zana ta a takarda a 1979 kafin a gina ta. Birnin Sakkwato ma an yi masa na 1983 zuwa 2003.

Kin ga kowanne yana da wa'adi, domin gari kamar yaro yake, rigar da aka ɗinka masa bara ba lallai ta shige shi baɗi ba. Idan wa'adi ya cika ba a sabunta ba, ko wani abu ya faru da masu zanen ba su yi tsammani ba, kamar fari ko ambaliya ko gudun hijira, to sai dillali da mai igiyar awo su zama su ne masu tsara gari. Shi kuwa dillali fuloti yake ƙirgawa. Duk taku ɗaya da ya bar wa hanya ko lambatu, a wurinsa asara ce.

Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta tanadi hukumar tsarawa a matakin tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma, kuma ta ce idan an zana tsari a baje shi jama'a su gani, mai ƙorafi ya kawo. Wato ba manyan birane kaɗai doka ta sani ba, gari irin Isa da Sabon Birni ma suna da haƙƙin a zauna a tsara su, kuma mazauna suna da haƙƙin a ji ta bakinsu.

Abin da idon mace ya gani

A kwanakin da na yi, na zaga da ƙafata tare da 'yar Goggo, kuma ga abubuwan da na ga duk wanda zai sabunta tsarin garin nan ya kamata ya fara da su.

Na farko hanyar ruwa. Tsofaffin kududdufai da aka haƙa don ginin laka su ne ke shanye ruwan sama. Yanzu ana cike su da shara ana sayarwa, kuma baƙo da ba shi da kuɗi shi ke sayen wuri mai arha a cikin kwari. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Ranar da ya dawo, mace da ƙananan yara ya fi tararwa a ɗaki.

Na biyu faɗin lungu. Na shiga wani layi a sabuwar unguwa da ko amalanke ba ta wucewa. Na tambayi kaina, in naƙuda ta zo wa mace da tsakar dare a nan, ta ina mota za ta shigo? In gobara ta tashi fa? In an yi rasuwa, ta ina za a fito da makara?

Na uku filin jama'a. Idan ba a ware wurin makaranta da ɗakin shan magani da maƙabarta tun ƙasa tana gona ba, to bayan an gina gidaje sai dai a rushe na wani. Yarinyar da makarantarta ke da nisa, a irin wannan zamani na tsoro, ita ake fara cirewa daga karatu.

Na huɗu rijiya da masai. A fuloti ƙanana na ga an haƙa shadda taku kaɗan daga rijiyar maƙwabci. Daga nan amai da gudawa ke samun ƙofa, musamman da damina.

Na biyar burtali da makiyaya. Tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. A wurare da yawa gonaki da gidaje sun cinye su, kuma duk mai bin labarin fitinar da ta addabi Zamfara da gabashin Sakkwato ya san rikicin gona da kiwo yana cikin tushenta, ko da yake ta daɗe da wuce nan. Tsarin da ya manta da dabba, ya shuka wata rigimar ce don 'ya'yanmu.

Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada wata dabara da ta cancanci a duba. Da 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kwarara Jihar Maraɗi tun daga 2019, hukumomin ƙasar tare da hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun kwashe wasu daga bakin iyaka zuwa garuruwan Cadakori da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. An auna musu matsuguni a gefen garuruwan, aka ƙara ruwa da azuzuwa da wurin shan magani, baƙi da 'yan gari suna amfana tare. Ba a ce wahala ta ƙare a can ba, amma an auna ƙasa kafin a kafa bukka.

Ranar rabo

A rana ta huɗu aka taru a zauren gidan, ga malamin da zai yi rabo, ga mai unguwa, ga dattawa shaidu. Mu mata muna daga ciki, ana shigo mana da bayani. Marigayi ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mata uku. Aka fitar wa Goggo tumuninta, wato kashi ɗaya cikin takwas, saura aka raba namiji ya ɗauki rabon mata biyu, kamar yadda Allah Ya hukunta.

Kafin wannan rana wani dillali ya yi ta zarya, yana cewa a sayar masa da gonar dungurungum a raba kuɗi, ya fi sauƙi. Har takarda ya kawo da zanen fuloti ashirin da huɗu. Da na duba sai na ga bai bar hanya ba sai wani siririn lungu, kuma fuloti shida na ƙarshe a cikin kwarin da ruwa ke bi suke. Na nuna wa Goggo. Ta yi shiru, sannan ta sa aka kira babban ɗanta. Ta ce, "Ɗana, ubanku shekara talatin yana noman wurin nan, bai taɓa shuka gero a kwarin can ba, don ya san na ruwa ne. Yanzu mu sayar wa marayu su kwana a ciki? In ruwa ya ci su, wa Allah zai tambaya?" Ya ce, "Inna, ana bina bashi, kuma in ba mu sayar ba wani zai sayar da tasa." Ta ce, "Ka sayar da rabonka, halalinka ne. Amma a fitar da hanya tukuna, kuma ni a ba ni tumunina ta wajen kwarin."

Haka aka yi. Aka fitar da hanya mai faɗin da mota za ta shiga, kowa ya ba da kaɗan daga rabonsa, ko da yake sai da aka kai ruwa rana kafin mazan su yarda. Goggo ta karɓi kwarin da kowa ke gudu, ta ce za ta sa a dasa mangwaro da zogale, baƙuwarta kuma ta matsa sama inda ruwa ba ya kaiwa. 'Yan matan uku suka haɗa nasu wuri ɗaya suka ce ba za su sayar ba. Mazan sun sayar da nasu tun kafin in baro garin. Aka rubuta komai, shaidu suka sa hannu, na sa kowace ta riƙe kwafinta.

Sai dai hanyar da muka fitar, a iyakar gonar Goggo ta tsaya. Gonar da ke gaba an riga an yanka ta, katangar wani ta tare bakin hanyar. A nan na gane iyakar abin da gida ɗaya zai iya. Goggo ta yi nata, amma haɗa hanyar wannan gona da ta waccan har ta fita titi, aikin hukuma ne da masu sarauta, kuma shi ne amfanin tsarin gari.

Guzurin da na kawo muku

'Yan'uwa, ga kaɗan daga abin da ya kamata kowace mace ta sani. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A wuraren da aka ayyana birni ne, gwamna ke ba da takardar mallaka, a karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da takardar mallaka ta gargajiya. Idan hukuma ta karɓi wuri don amfanin jama'a, diyyar da doka ta fi ƙarfafawa ta abin da aka gina ko aka shuka ce a kai. Don haka fili ko gayauna da kika gada, kada ki bar shi a baki kawai. A rubuta, a sa shaidu, a kai ga mai unguwa da hakimi, a nemi takardar hukuma da sunanki, ba da sunan wa ko miji ba, domin Musulunci ya ba ki ikon mallakar dukiyarki.

In za ki sayi fuloti, ki aika a duba shi da damina, ki tambayi tsofaffin unguwa ko ruwa na kwanciya a wurin, ko burtali ne, ko an taɓa ware shi don makaranta ko maƙabarta. In kuma kika ji an ce za a yi wa garinku sabon tsari, ko za a yanka sabuwar unguwa, to ku haɗu a Islamiyyarku ko ƙungiyarku ku rubuta buƙatunku, ku ba malamanku da kansilanku su kai. Mu ke ɗibar ruwa, mu ke kai yara asibiti, mu muka san lungun da ba ya biyuwa bayan magariba. In ba mu faɗa ba, mai zane ba zai sani ba.

Ranar da zan taho, Goggo ta cika mini jaka da albasa da kuka da ƙullun fura, ta rako ni har bakin zaure tana ta addu'ar hanya. Muka biyo ta Sabon Birni kamar yadda muka zo, ba mu tsaya ko'ina ba sai Goronyo, inda direba ya ce kowa ya sauka ya yi salla ya sha ruwa.

Allah Ya kawo wa Isa da Sabon Birni da dukkan ƙasar Gobir da Zamfara zaman lafiya mai ɗorewa, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amanar ƙasa da ke hannunsu.